TSATSAR ƘASAN MOTA: A KANKARE TA, KADA A RUFE TA



Yau maganar tsohuwar mota zan yi, kuma ƙasanta nake nufi, wajen da ba mai gani sai bakanike in ya shiga rami. Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk mai tsohuwar mota da ya ga tsatsa ta fara ja a ƙasanta, to ya kankare ta, ya kashe ta, kafin ya shafa komai a kai. Abin da aka saba yi a garejinmu, wato a watsa baƙin mai ko a lafta kwalta ko baƙin fenti a kan tsatsar yadda take, ɓoye ciwo ne kawai. In motar ta hawanka ce ka cuci kanka, in kuma sayarwa za ka yi ka cuci mai saye.

Bari mu fara da irin motocin da nake magana a kai. Peugeot 504, wadda kowa ya fi sani da Fijo, ta fito a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975. A wannan shekarar ta 1975 ne aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kakuri da ke Kaduna. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000. Ita ce motar ma'aikatan gwamnati, ita ce motar haya tsakanin gari da gari, ita ce a-kori-kurar da ta yi shekaru tana ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye. Sai Volkswagen Beetle da aka riƙa haɗawa a Legas tun daga tsakiyar shekarun 1970, wadda aka ƙera ta ƙarshe a duniya a Meziko a 2003. Sai kuma tsofaffin Marsandi na attajirai da sarakuna. Ba a ƙera ko ɗaya daga cikinsu yanzu. Duk wadda ta ruɓe ta tafi ke nan, ba za a samu madadinta ba.

Su waɗannan motoci an yi su ne kafin kamfanoni su saba lulluɓe ƙarfen bodi da tutiya, irin wadda ake yi wa kwanon rufi. Sai cikin shekarun 1980 wannan dabara ta yaɗu. Kariyar tsohuwar mota ba ta wuce fenti da ɗan baƙin shafin da aka fesa mata a ƙasa ba, ga shi ƙarfen bodin bai cika wuce kaurin milimita 1 ba. Ku auna wannan siranta a ranku, sannan ku tuna shekara 30 ko 40 tana bin taɓo da tsakuwa.

Mece ce tsatsa? Ƙarfe ne ya haɗu da ruwa da iskar oksijin ya rikiɗe ya zama wani abu daban, jajaja mai gari. Sai duka ukun sun haɗu take samuwa, in aka raba ƙarfe da ruwa da iska ta tsaya. Gishiri kuwa gaggauta ta yake yi. Abin da ya sa ta fi zama matsala a ƙarfe shi ne halinta. Tukunyar alminiyam ma tana haɗuwa da iska, sai dai ita fatar da take yi siririya ce mai manne wa jiki, tana toshe hanya ta kare abin da ke ƙasanta. Tsatsar ƙarfe kumbura take yi, ta fi ƙarfen da ta ci girma, ta tsattsage, ta riƙe danshi kamar soso. Wato ita ke jawo wa kanta abinci. Shi ya sa in ka rufe ta da fenti ba ka kashe ta ba, ka dai killace ta da ruwanta a ciki, tana ci gaba da aiki kai kana ganin baƙi sumul.

Matakinta uku ne. Na farko tsatsar sama, launi ne kawai ya sauya, in ka goga samfefa za ka ga farin ƙarfe a ƙasa. Na biyu ta fara ɓamɓarewa kamar ɓawon itace, ƙarfen ya yi ƙananan ramuka. Na uku ta huda. Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Ka sa sukudireba ka danna, ko ka ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji luf, wani lokaci ma sukudireban ya wuce. Mataki na farko da farkon na biyu su ne nake magana a kai, domin su ne buroshi da fenti ke warkarwa. Na uku ya fi ƙarfin fenti, sai an yanke wajen an yi waldar sabon ƙarfe. Tsakanin aikin buroshi da aikin walda akwai tazarar kuɗi mai yawa, kuma sakaci na damina biyu ko uku ya isa ya kai ka daga wannan zuwa wancan.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganganunsu ba na banza ba ne. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko zai ce, ai mu nan Arewa ƙasar fari ce, tsatsa matsalar 'yan bakin teku ce. Akwai gaskiya a ciki. Bushewar iskarmu ce ta sa har yau ake ganin 504 tana yawo a Kano da Katsina da Maraɗi, alhali takwarorinta da yawa a Turai sun daɗe da ruɓewa. Amma muna da damina, kuma watan Agusta ba ya wasa. Taɓon da ya maƙale a kwarmin taya yana iya kwana da kwanaki bai bushe ba. Ƙurar hunturu tana shiga lungunan bodi ta toshe ƙananan hujojin da aka yi don ruwa ya fita, in damina ta zo sai ƙurar ta zama laka a cikin ƙarfe. Ranarmu tana busar da robar gilashi ta tsage, ruwan sama ya riƙa sulalewa ƙarƙashin kafet, ƙasan motar ya fara ci daga ciki. Ruwan batir in ya zuba yana cin ƙarfe, kuma a Beetle batirin yana ƙarƙashin kujerar baya ne, shi ya sa wajen ya yi ƙaurin suna wajen hudewa. Ga motar da aka ajiye a tsakar gida kan turɓaya aka lulluɓe da leda, danshin ƙasa yana tasowa ba shi da hanyar fita. Sannan ba duk motar da ke Arewa ce ta yi rayuwarta a Arewa ba. Wata ta yi shekaru a Legas ko Fatakwal. Wata ta biyo ta Kwatano daga ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, ta iso mana da gishirin a lungunanta.

Na biyu zai ce, ai baƙin mai yana aiki, kuma kusan kyauta ne. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan musa cewa mai yana korar ruwa ba. Kowa ya ga yadda wajen da inji ke yoyo ba ya tsatsa. Ko a ƙasashen sanyi akwai masu fesa wa ƙasan mota mai duk shekara, sai dai nasu mai ne da aka haɗa musamman don wannan aiki. Baƙin man da aka juye daga inji datti ne, yana ɗauke da ragowar ƙonewa da garin ƙarfe, kuma an daɗe ana gargaɗi kan yawan taɓa shi da fata. Yana kumbura robobi ya lalata su. In ya taɓa birki ya rage masa kamu. In ya zauna a kan salansa ya yi ta hayaƙi. Yana ɗiga a tsakar gida inda yara ke wasa, ya bi ruwa ya shiga kwata. A titinmu mai ƙura, cikin 'yan kwanaki ya zama baƙar laka da ke rufe komai, har yoyon man birki ba za ka gane ba. Babbar illarsa kuma ita ce, ran da ka shirya yin aikin gaskiya fenti ba zai kama ƙarfen da ya sha mai ba sai an sha wahalar wanke shi. In mutum ya ce da babu gara ba daɗi, zan ce masa ya nemi tsabtataccen man kariya ko giris ya shafa a wajen da abin ya shafa kaɗai, ya kuma san cewa jinkirta ciwon ya yi zuwa ran da zai samu hali.

Kwalta da baƙin shafi mai kauri sun fi baƙin mai haɗari in aka sa su a kan tsatsa. Da farko suna da kyan gani. Bayan wani lokaci zafi ya busar da su, su tsage, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya kwanta tsakanin shafin da ƙarfe, ba rana ba iska da za su busar da shi. Akan samu mota ƙasanta baƙi wuluk kamar sabuwa, a sa hannu a ɓamɓaro shafin ya taho da ƙarfen gaba ɗaya. Kyan ɗan maciji ke nan.

Na uku zai ce, tsohuwar mota ce, me za a kashe mata? A more ta, in ta mutu a kira 'yan gwangwan su auna. To amma kafin ta mutu mutane take ɗauka. A ƙasan nan bututun birki yake bi, nan bututun mai yake, nan tanki yake rataye, nan ƙafafun mota suka kama jiki, nan aka ɗaure kujeru da bel. Salun ɗin 504 ba ta da wani ƙarfen gindi daban da aka ɗora bodi a kai, bodin kansa ne ke ɗauke da nauyin komai. In dogarin da ke ƙarƙashin ƙofofi ya ruɓe, ƙarfin motar ne ya ragu, kuma ranar hatsari ake gane haka. Bututun birki da tsatsa ta sirantar ba ya sallama, yana fashewa ne lokacin da aka taka da ƙarfi, wato daidai lokacin da ake neman birkin ruwa a jallo. Ko da motar ba ta da wata daraja a kasuwa, na cikinta suna da ita.

Bayan haka ma ni ban yarda ba ta da daraja ba. Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, mutane suna zuwa kallo. Mota tana iya zama shaidar tarihi. Fijon da aka haɗa a Kakuri shaida ce ta zamanin da ake haɗa mota a Arewa da hannun 'ya'yanmu. In muka bar su duka suka ƙare a kan sikelin 'yan gwangwan, nan gaba sai dai mu nuna wa yara hoto.

Akwai kuma masu son kayan da, waɗanda ke cewa a bar mota da kamanninta na asali, tsufa ma ado ne. A kan fentin rufi da rana ta koɗar na yarda da su, a bar shi. Tsatsar ƙasa kuwa ba ta tsaya inda take, kullum gaba take yi.

To yaya ake aikin? Ba wani sirri ba ne, haƙuri yake so.

Da farko a zaɓi lokaci. Bayan ɗaukewar ruwa ya fi, ko kuma kafin saukarsa, lokacin da ƙarfe zai bushe sosai. A yi aikin a inuwa, wajen da iska ke shiga amma ƙura ba ta kaɗawa. A wanke ƙasan motar da ruwa mai ƙarfi, a fitar da duk taɓon da ke kwarmin taya da lunguna, a ɗaga kafet, a bar ta ta bushe kwana ɗaya ko biyu.

Na biyu, a ɗaga ta yadda ya kamata. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, balle tsohuwa wadda wajen kafa jak ɗin ma wataƙila ya ruɓe. A yi amfani da ramin gareji, ko a tokare ta da ƙarafan tokara a kan daɓe mai ƙwari, a sa waigi a tayoyin da ke ƙasa. A sa tabarau na kariya da takunkumi da safar hannu, domin garin tsatsa da tsohon fenti ba abin shaƙa ba ne, kuma wayar buroshi in ta tsinke ido take nema. A cire kan batir. A tuna akwai tankin mai a wajen, tartsatsin injin gurza da taba sigari su yi nesa da shi.

Na uku, kankara. Wannan shi ne ainihin aikin, kuma shi ne wanda ake gudu. A ɓamɓare duk tsohon shafin da ya saki, a bi shi har inda ya manne da lafiyayyen ƙarfe, domin tsatsa takan yi nisa a ƙarƙashinsa fiye da yadda ido ke gani. A sa buroshin waya da samfefa a cire duk abin da ke ɓarɓashi. Kada a matsa da injin gurza a kan siririn ƙarfe, yana cinye lafiyayyen tare da ruɓaɓɓen. In an gama a goge maiƙo da ƙura tas.

Na huɗu, maganin kashe tsatsa. Komai ƙoƙarinka buroshi ba zai kai cikin ƙananan ramuka ba, sai a shafa ruwan maganin da ake sayarwa don haka. Yawancinsu asid ɗin fosforik ne a ciki, ko sinadarin tanin, ko duka biyun. Suna juya ragowar tsatsar ta zama baƙar fata mai ƙwari da fenti zai iya kamawa. Shi tanin ba baƙonmu ba ne, shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, kuma shi ya sa fatar da aka jeme take yin baƙi in ruwan ƙarfe ya taɓa ta. Haɗuwar iri ɗaya ce. Ba ina cewa a jiƙa bagaruwa a shafa wa mota ba ne, a sayi wanda aka haɗa don aikin, a bi abin da aka rubuta a jikin gwangwaninsa game da lokacin bushewa da ko yana buƙatar ɗauraya. Abu biyu za a kiyaye: maganin ba ya ratsa tsatsa mai kauri, don haka ba ya maye gurbin kankara, kuma in aka bar shi tsirara ba fenti tsatsa za ta dawo.

Na biyar, fenti. A fara da fentin share fage mai hana tsatsa. Jan fentin nan da masu walda ke shafa wa ƙofofi ya fi babu, amma mai ɗauke da tutiya ko na ifoksi da ake haɗa gwangwani biyu ya fi shi ƙarko. A toshe bakin haɗin ƙarafa, a bi da fenti na sama hawa biyu. Sai bayan wannan ne baƙin shafi mai kauri ke da amfani, musamman a kwarmin taya inda tsakuwa ke duka. Cikin lungunan da hannu ba ya kaiwa, irin dogarin ƙarƙashin ƙofa, a fesa kakin kariya mai ruwa-ruwa. A tabbatar hujojin fitar ruwa a buɗe suke. Kada a shafa komai a kan salansa da birki da robobi, kuma kada a gurje ko a rufe lambar jikin mota, domin ita ce ke kan takardunka. Bututun birki da ya ci tsatsa kuwa ba a yi masa fenti, sauya shi ake yi.

Daga nan sai kulawa. A wanke ƙasan mota bayan an bi taɓo, a ajiye ta a kan daɓe, a leƙa ta sau ɗaya a shekara bayan damina, duk inda tsakuwa ta fasa fenti a taɓa shi nan take. Rigakafi ya fi magani.

Saura tambaya ɗaya. In aikin bai fi haka wuya ba, me ya sa ba a yi? A ganina laifin ba na masu gyaran bodi ba ne su kaɗai. Mai mota yana biyan abin da ido ke gani. Zai yi ciniki mai tsawo kan fentin sama, ya zaɓi launi, ya sayi sababbin fitilu, amma in aka ce ya biya kwana uku na kankarar ƙasa sai ya ga kamar za a cuce shi. Shi kuma mai gyara da ya san ba za a biya wahalarsa ba, sai ya fesa baƙi cikin awa ɗaya kowa ya rabu da kowa. Araha ba ta ado. In kuɗinka ba zai isa sama da ƙasa ba, ka fara da ƙasa, fentin sama zai jira. Ka biya mai aiki haƙƙin guminsa, ka kuma nemi ya ɗauki hoto da waya a kowane mataki: kafin a fara, bayan kankara, bayan magani, bayan fentin farko. Hotunan nan za su kare ka, su kare shi, kuma ran da za ka sayar su ne hujjarka.

Ga mai saye kuma, kada sheƙin bodi ya ɗauke maka hankali. Ka sa a hau da motar kan rami ka shiga da tocila. Ka riƙe ɗan maganaɗisu, domin ba ya kama wajen da aka cike da ƙullun da masu gyaran bodi ke toshe lotsa da shi. In ka ga ƙasan tsohuwar mota ya sha sabon baƙin shafi ana gab da sayarwa, ka tambayi abin da ke ƙarƙashinsa. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.

Ga dillalai da masu sayarwa, rufe ruɓaɓɓen ƙarfe don a samu ƙarin kuɗi algus ne, ba shi da bambanci da zuba tsakuwa a ƙasan buhun wake. Ya ma fi shi muni, domin wanda ya sayi waken haƙori zai fasa, wanda ya sayi motar iyalinsa zai zuba a ciki ya hau babban titi. Ka faɗa masa abin da ke akwai, ka rage kuɗin, ya je ya gyara da saninsa.

Wannan shi ne ra'ayina. Na san a cikinmu akwai 'ya'yan makanikai da direbobi, akwai ma waɗanda har yanzu Fijon mahaifinsu ke ajiye a ƙofar gida. Wanda ya daɗe yana amfani da baƙin mai kuma yana ganin ya yi masa rana, ina son jin hujjarsa, musamman in ya taɓa kankare wajen ya ga abin da ke ƙasa. Wanda kuma ya san sunayen da ake kiran waɗannan kayan aiki da su a garejin garinsu, ya taimaka mana da su mu ƙaru.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.